Da Tafkin Ebuh Ya Koma Ja

Kwana huɗu aka yi ana tafka ruwa a Zobam ba ƙaƙƙautawa. Ranar Talata da gari ya yi haske, matan da suka hau dutse duba masararsu suka sauko a guje, suka ce tafkin Ebuh ya koma ja kamar manja. Kafin azahar wani ya ɗauki hotonsa da waya. Kafin la'asar hoton ya isa Douala.

Mbong Kedze ita ce mai karanta labarai a ƙaramin gidan rediyon garin, ɗaki biyu ne a bayan cocin Katolika. Shekararta bakwai lokacin da tafkin Nyos ya saki muguwar iskar nan da ta kashe mutane da shanu a kwarin da ke ƙarƙashinsa, ruwansa kuma ya koma ja. Iyayenta da ƙannenta biyu suna ciki. Ita ta tsira ne don an kai ta hutu wurin goggonta a Zobam. Kowa a garin ya san wannan, shi ya sa ba a yi mata maganar tafki.

Da safiyar Laraba shugaban gidan rediyon, Pa Achuo, ya tare ta a bakin ƙofa da waya a hannu.

"Karanta ki gani. Shafin labarai biyar ke nan a intanet, duk magana ɗaya."

Ta karɓa. Kanun labarin ya ce: NYOS TA BIYU NA TAFE, MASANI YA KASA KAWAR DA YIWUWAR BALA'I. A ƙasa an sa hoton shanu kwance a mace cikin ciyawa. Ta san hoton. Tsoho ne, ya kusa shekara arba'in. Ta miƙa masa wayarsa.

"Ga kuma wannan daga ofishin hukuma," in ji shi, ya zaro takarda daga aljihu. "Sun ce komai lafiya, kowa ya zauna gidansa. Sai ki zaɓi wanda za ki karanta da sha biyu. Ni dai na riga na tura matata da yara Bamenda."

"Pa, wanda ya rubuta na wayar ya ga tafkin?"

"Ina zai gan shi? Yana Douala yana shan iskar fanka."

"Na ofishin fa?"

"Wannan ko gangaren kasuwa ba ya hawa da ƙafa."

"To ba zan karanta ko ɗaya ba. A sa waƙoƙi da sha biyu. An ce masanin yana can bakin ruwa, zan je in same shi."

Pa Achuo ya dube ta ya daɗe. "Ke, Mbong? Ke za ki je tafki?"

Ta ɗauki rakoda ta fita.

A tasha mutane sun yi cincirindo da katifu da tukwane, ana ɗaure awaki a saman mota. Da ƙyar ta sami ɗan acaɓa da ya yarda ya kai ta, shi ma ya ce iyakarsa kwarin da ke ƙasan dutsen. A kwarin nan gidan goggonta yake, Mami Nsen, wadda ta rene ta. Ta same ta zaune a ƙofar kicin tana ɓare wake.

"Mami, ki haɗa kaya. Ki zo wurina a gari ko na mako ɗaya ne."

"In bar wa wa masarata? Birai?"

"Nan kwari ne. In iskar ta sauko, nan za ta fara kwanciya."

"Na sani. Ni na je na binne uwarki, ba sai kin koya mini ba." Ta ci gaba da ɓare wakenta. "A wancan karon, ba wanda ya faɗa mana komai. Yanzu kuma kowa yana faɗa, har ɗan maƙwabcina Kum da ke Jamus ya bugo yana kuka, wai ya gani a waya mun mutu. Na ce masa to gawa ce ke magana da kai. Je ki gani da idonki, ki zo ki gaya mini. In kin ce in tashi, zan tashi."

Wannan ya fi komai yi wa Mbong nauyi. Ta kama hanyar dutsen da ƙafa, taɓo yana riƙe mata takalmi. Duk ɗan taku sai ta ja numfashi ta saurari ƙirjinta. Ta riƙa duba ciyawa ko za ta ga mataccen tsuntsu. Da ta ji ƙudaje suna bin ta sai ta ɗan ji sanyi a ranta, tunda mai rai ne ke tashi.

Tafkin yana kwance a cikin bakin dutsen, ja wur, ba ya motsi. Ta zauna a kan wani dutse. A bakin ruwa wani siririn mutum mai furfura yana jawo igiya daga kwalekwale, kwalabe jere a gabansa. Shi ne Dakta Nlend, masanin duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda aka turo daga Yaoundé. Yana ganin rakoda ya ɗaure fuska.

"Madam, na gama da 'yan jarida. Jiya wani ya bugo mini, na yi masa bayani na minti ashirin. Ya ce, za ka rantse ba abin da zai faru? Na ce ba a rantsuwa a aikinmu. Kin ga abin da ya rubuta."

"Ni ba daga Douala nake ba, Dakta. Goggota tana kwarin can. Mutanena kuma suna Nyos, a binne."

Ya ajiye igiyar. Ya goge hannu a wando, ya zo ya zauna kusa da ita.

"To kunna abinki. Amma ki sa duka, kada ki yanka."

Ya nuna mata gefen dutsen da ke hayi, inda ƙasa ta zaftare ta bar jan tabo tun daga sama har ruwa. Ya ce a ganinsa jar ƙasar nan ce ta rine tafkin. Ya nuna mata wata na'ura mai kamar rediyon hannu da ke auna iska, ya ce tun jiya yake zagayawa da ita, bai ga abin tsoro a sama ba. Sannan ya ɗaga kwalba ɗaya.

"Wannan daga can ƙasa na ɗebo shi, inda iskar ke taruwa in akwai ta. Ba zan san yawanta ba sai an auna a ɗakin gwaji. Kwana takwas, ko tara."

"Kafin nan fa? Mutane su tafi ko su zauna?"

"Na gari su zauna, suna kan tudu. Na kwari, in suna da wurin zuwa, su hau sama har sakamako ya fito. Ba don na ga wani abu ba. Don ban gama gani ba ne."

"In uwarka ce a kwarin?"

"Zan ɗauke ta. Tana zagina ina ɗauke ta."

Da ƙarfe huɗu Mbong ta zauna gaban makirfo. Ta sa muryar Dakta daga farko har ƙarshe, minti goma sha ɗaya, sannan ta maimaita da harshen garin a hankali. Ta ce hoton shanun da ke yawo tsoho ne. Ta ce takardar da ke cewa komai lafiya an rubuta ta kafin a auna komai. Da ta gama, Pa Achuo ya miƙo mata ruwa.

Aka buɗe layin waya. Wani direba ya ce, "'Yar'uwa, mu ba karatu muka zo ba. E ko a'a?" Wata mata ta ce an sayi Mbong da kuɗi. Wani dattijo ya ce masanin da bai sani ba, me ya kawo shi tun daga Yaoundé. Mbong ta amsa wa kowa da abu ɗaya: ga abin da aka sani, ga abin da ba a sani ba tukuna. Ofishin hukuma ma ya bugo, ba a ji daɗi ba.

Washegari ta je da mota ta ɗauko Mami Nsen da kajinta shida. Gidaje kusan talatin na kwarin suka hau gari, aka raba su a makarantar firamare da gidajen dangi. Wasu suka ƙi. Kowace safiya Mbong takan tsaya a bayan coci ta leƙa kwarin, ta ƙirga gidajen da hayaƙi ke tashi. Ran da hazo ya rufe wurin ba ta iya cin komai ba sai da ya yaye.

A rana ta tara Dakta Nlend ya bugo. Jan launin laka ne kawai, in ji shi, mutane su koma. Ta rufe ido, ta jingina da bango.

"Amma akwai saura, Madam. Iskar da ke ƙasan tafkin ba ta kai ta haɗari ba, ko kusa. Sai dai ta fi yadda aka same ta a awon ƙarshe, shekara goma sha biyu da suka wuce. Tafki irin wannan ya kamata a riƙa auna shi duk shekara. Na rubuta wa manyana. Na kuma aika wa shafukan nan biyar."

"Sun buga?"

"Ɗaya ya sa layi biyu: maganar tafkin Ebuh ƙarya ce. Sauran suna kan wasan ƙwallo."

Ta karanta duka biyun da sha biyu, na daɗin da na rashin daɗin. A kasuwa aka ji na farko, aka yi ta murna, har masu cewa an saye ta suna ɗaga mata hannu. Na biyun kuwa ba wanda ya bugo ya tambaya.

Da yamma ta mayar da Mami Nsen gida. Birai sun cinye kusan rabin masarar. Tsohuwar ta tsaya a bakin gona tana duba ɓarnar, sannan ta juyo.

"Wannan awon na duk shekara, wa zai tuna musu?"

"Ni, Mami."

"To ki rubuta a bango, kin san kanki da mantuwa. Zo ki kama mini kajin nan."