Ba Laifi, In Ji Desmond

Glenys ta tura ƙanenta kan kujera a ofishin ƙaramar hukumar Hull, ta tsaya a kansa da jiƙaƙƙiyar lema. Shekarun Desmond sittin da ɗaya, amma sai an jawo shi kamar ɗan makaranta. Tun lokacin sanyi ya bar tuƙin bas, bai nemi tallafin haya da na harajin gida ba sai da mai gidan ya ce zai fitar da shi.

Ma'aikaciyar ta ce, "Mista Ackroyd, ba za a biya na baya ba sai da hujja mai ƙarfi. Me ya hana ka zuwa da wuri?"

"Ban so in dame ku ba ne. Na san aiki ya yi muku yawa."

Glenys ta ji kamar ta kwaɗa masa lemar. Za a watso masa kaya kan titi, shi kuwa tausayin hukuma yake ji!

"Sakarci ne, rubuta haka," ta ce. "Tun yana yaro haka yake."

"Sakarci ba ya cikin hujjojin da muke karɓa. Ba ka yi rashin lafiya ba?"

"Kai, a'a. Ba wani abin kirki ba."

"Wane ne ba na kirkin ba?"

Desmond ya gyara wuyan rigar sanyinsa. "Sun ɗan buɗe ƙirjin ne, suka gyara wasu jijiyoyi. Sai ciwon ya ruɓe, suka riƙe ni har bazara."

Lemar ta faɗi ƙasa. Glenys ta fizge wuyan rigar, sai ga tabo ja, mai kauri, ya gangara ƙasa. Duk ranar Lahadi tana kiransa a waya, duk ranar Lahadi amsar ɗaya ce.

"Des! Na tambaye ka ya kake, ka ce ba laifi!"

"To ai ba laifin, Glen. Na gadon kusa da ni mutuwa ya yi."

Ma'aikaciyar ta ci gaba da bugawa, ta ce wannan hujja ce, ya kawo takardar asibiti kawai. Hawayen haushi suka zubo wa Glenys.

Desmond ya ɗauko mata lemar, ya leƙa fuskarta. "Lafiya kike?"

Ta share hanci, ta ce, "Ba laifi."