Moton Ƙanƙarar da Ya Karya Ɗana

Ɗana Rachidou yana aikin lokacin sanyi a duwatsun da ke gaba da Lyon, yana jigilar kaya da moton nan mai tafiya bisa ƙanƙara. Tun farko ya gaya wa mai wurin cewa bayan moton ya zauna, resor ɗin da ke ɗaga shi ya mutu. Aka ce ya lallaɓa. Moton ya kife da shi, ƙafa ta karye. Sai suka ce wai shi ya labta masa kaya, suka sallame shi.

Na taso daga unguwar Minguettes da ɗiyata Raliatou, don ita ke jin Faransanci. Da muka isa, na ce a nuna mini moton.

"Inna, don Allah kar ki ba mu kunya."

"Rufe mini baki. Wanki Rachidou na kwance."

Na tattare zane na haye. Ni da iska ke ɗauka, ina zama sai bayan moton ya durƙusa har ƙasa.

"Tambayi mai wurin, ni ma kaya ce?"

Mutumin ya yi murmushi, ya ce Madame ta shigo ta sha kafe. A gidanmu baƙo ba ya ƙin tayi, ko na maƙiyi ne. Na shiga, ya yi ta janmu da surutu.

Da muka fito, moton na tsaye ƙyam, sabon resor na walƙiya. Na ce a ba ni tsohon.

Ya dubi Raliatou, ya ce, "Wane tsoho?"