Fanka ko Rufi

Ni malamar darasin zama ɗan ƙasa nagari ce, darasin nan da kowa ke yabo a taro, amma in aka zo rage kashe kuɗi shi ake fara harara. Aikin nawa ma na kwantiragi ne. In darasin ya tafi, ni ma na tafi, ga uwa a gida da maganin hawan jini, ga yara biyu.

A makarantarmu kowane zango ana ware wa kowane aji ɗan kuɗin gyara, malamin aji ya yanke abin da za a yi da shi. Ni kuwa uwar iyayi, sai na ce 'yan ajina su za su yanke da ƙuri'a, tunda baɗi yawancinsu za su kai shekarun zaɓe. Kuɗin abu ɗaya zai iya: ko a liƙe rufin da ke yoyo a kusurwar baya, ko a saka fankoki biyu.

Lokacin zafi ne, ajin kamar tanda. Wata yarinya da muke ce wa Rediyo, don bakinta ba ya mutuwa, ita ta ɗauki kamfen ɗin fanka. Har waƙa ta yi masa. 'Yan layin baya suka ce ruwa fa na tafe, ta ce musu, "Ku nuna min gajimare ɗaya a sama!" Aka yi dariya, aka jefa ƙuri'a a kwalin alli, fanka ta lashe. Na san sun yi kuskure, amma na bari aka saka fankokin.

Da ruwa ya sauko, yoyon nan ya hayayyafa. Ya bar kusurwa ya iso tsakiyar aji, har kan teburin Rediyo. Suka taso min, "Malama, don Allah a gyara mana!" Na ce, "Da wane kuɗi? Ga kuɗinku can a sama yana juyawa. Sai zango mai zuwa." Muka ja tebura gefe, muka rufe littattafai da leda, muka ci gaba da karatu.

Kai, iyaye suka yi min ca! Hedimasta, wanda dama yana neman inda zai rage albashi, ya samu abin da yake so. Ya kai wa kwamitin iyaye shawarar a soke darasina, a ba lissafi awannin.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ma'ajin kwamitin. Tsoho ne mai shagon kayan gini, ana kiransa Baba A'a, don tunda aka ba shi ajiyar kuɗin makaranta ba a taɓa jin ya ce e ba. Kuma inda ya nufa, can sauran ke bi. Ra'ayinsa a kan matasa kuwa kowa ya haddace: "A ba waɗannan katin zaɓe? Wanda ya raba musu data da riga shi za su dangwala wa. Gwamnati ta yi ta rabon abin da ba ta da shi, su yi ta tafi, mu masu biyan haraji mu kwana a ciki." Sannan, don abin ya cika min, shi ne kakan Rediyo. Na ce shi ke nan, tawa ta ƙare.

Ranar taron Baba A'a ya ce ba a ofis za a zauna ba, a ajina. Ana shiga aka tsuge da ruwa. Kowa ya nemi busasshen wuri, shi kuwa ya ja kujera ya zauna daidai inda ke ɗiga, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Fanka na ta kaɗa masa iska a jiƙaƙƙiyar riga.

Hedimasta ya gama bayaninsa, Baba A'a ya juyo gare ni.

"Malama, kin san rufin ya fi muhimmanci?"

"Na sani, Baba."

"Me ya hana ki hana su?"

Zuciya ta ɗebe ni, tunda dai korar ce. Na ce, "Baba, baɗi in suka shiga rumfar zaɓe, ni zan bi su in riƙe musu hannu? Gara su jiƙe a nan, inda abin da za a rasa littafin rubutu ne."

Wata uwa ta ce ɗanta ya yi mura. Na ba ta haƙuri, kuma da gaske nake, don abin ya dame ni.

Baba A'a ya share ruwa daga sanƙonsa ya ce, "Bari in ba ku labari. Kwanan baya na ce zan sayi babbar talabijin, idona ya fara gajiya da ƙaramar. Sai jikar nan tawa ta ce, 'Kaka, tankin ruwanmu da ya tsage fa? Wanne ne zai fi damunmu nan gaba?' Wai a yi ƙuri'a. Ni da gidana, ni da kuɗina! Aka yi, aka kayar da ni, har da kakarta a cikin 'yan adawa."

Dariya ta ɓarke. Shi ko murmushi bai yi ba.

Ya ce, "Tun yarinyar nan tana rarrafe nake mata wa'azin tattali, ko a jikinta. Kullum ina kuka yaran yanzu ba su san kuɗin hukuma daga aljihun mutane yake fitowa ba. Yau an samu mai koya musu, kuma ku ce in sa hannu a kore ta? Darasin nan ya zauna. Na ce e."

Wallahi sai da sakatare ya ɗago kai ya tambaya ko daidai ya ji. Hannuwa suka bi nasa ɗaya bayan ɗaya.

Da hedimasta ya ga inda iska ta kaɗa, sai ya ce to, a ciri wani abu daga babban asusu a gyara wa yaran rufi.

"A'a!" in ji Baba, da ƙarfinsa na kullum. "Su jira zango mai zuwa, su zaɓa da kansu."

Washegari Rediyo ta shigo da tsohon bokitin fenti a hannu. Ta ce Kaka ya ce aro ne, ba kyauta ba. Muka ajiye shi ƙarƙashin yoyon, ya yi ta mana kiɗa har ruwa ya ɗauke.

Da sabon zango ya zo, ita ta jagoranci kamfen ɗin rufi. Har ta tsayar da kafinta tana tambayarsa dalilin tsadar ƙusa, sai da bawan Allah ya yi zufa.

Ranar da aka gama liƙin na wanke bokitin na kai masa shago. Na shirya godiya mai tsawo tun daga gida, amma ina ganinsa sai hawaye. Na ce, "Baba, ka rufa min asiri, Allah ya rufa naka." Ya ce a'a, shi ba don ni ya yi ba. Ya juya bokitin ya duba ƙasansa ko ya fashe, sannan ya miƙo min.

"Riƙe, Malama. 'Yan ajin baɗi ma za su zaɓi fanka."