Kwalbar da Malam Ya Bari

"Hamsin kuma?" in ji tsohon, bakinsa a karkace. "Sake."

Malamar ta sake duban lambar da ta rubuta. Tana tsugune gaban gadonsa da takardar lissafi a hannu, ɗakin duk warin man zafi.

Ita ilimin halittu ta karanta. Amma da maƙwabcin nata, tsohon malamin sinadarai, ya yi ritaya, sai aka ɗora mata ajinsa. Abin da ya bar mata a ɗakin gwaji shi ne sikeli da wata ƙatuwar kwalbar farin gari wadda takardar jikinta ta ɓare. Shi ya haɗa garin: gishiri da wani kabonet, sinadarin nan mai ƙarfe a ciki da ke tafasa in an zuba masa asid. Da shi ɗalibai za su yi jarrabawar gwaji, su gano ƙarfen, ga shi mai koyarwar ma ba ta san amsar ba.

Ta yi duk yadda ya koya mata. Ta wanke gishirin da ruwa, ta tace, ta auna garin, ta zuba asid, ta sake aunawa don ta san nauyin iskar da ta fita. Daga nan lissafi ke nuna nauyin ƙarfen, nauyin kuma ya nuna sunansa. Kullum hamsin take samu, lambar da ba ta dace da ko ɗaya cikin ƙarafan da take zato ba.

"Baba, don Allah ka faɗa min kawai," ta ce. "Jarrabawa ta matso."

"In na faɗa miki, me za ki koya wa yaran? Jita-jita?"

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye harshensa ya yi nauyi, amma taurin kan yana nan daram. Matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, ta shigo da tawul tana cewa haka yake, ko inda ya ajiye makulli ka tambaye shi sai ya ce ka yi tunani. Tsohon ya motsa yatsa wajen takardar, ya yi ta kokawa da wata kalma. Abin da ya fito bai wuce "ji… jiƙ…" ba. Inna ta ɗauka ƙishi yake ji, ta kai masa kofi baki. Ya kau da kai cikin fushi, ruwan ya zube a kan matashi.

Malamar ta fita ko sallamar kirki ba ta yi ba. Da maraice ta ji tarinsa ta bayan katanga, ta ƙi leƙawa.

Washegari a ɗakin gwaji, tana ɗibar garin da ta tace sai ta ga yana manne wa cokali. Ta tsaya tana kallo. A jiƙe yake. Ashe duk kwanakin nan har da ruwa take aunawa. Ta gasa shi a ƙaramar wuta har ya bushe ƙarau, ta sake komai daga farko. Arba'in da ɗan kai. Kalsiyam.

Ba ta jira an tashi daga makaranta ba, ta kamo hanyar gida. Tun daga kan kwana ta hango takalma jibge a ƙofar gidansa.

Inna na zaune a tsakar gida cikin mata. Ta ce da hantsi ya cika, tana gyara masa zanin gado, ko motsi bai yi ba. Malamar ta zauna gefenta, ta rasa inda za ta sa takardar.

"Kin samo abin naku?" Inna ta tambaya a hankali.

"Na samo, Inna. Irin wanda ke cikin ɓawon ƙwai ne."

Tsohuwar ta dube ta, ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da hawaye.

"Ayya 'yata, ai da ni kika tambaya. Shekara da shekaru yana hana ni zubar da ɓawon ƙwai. Shi ya lalata min turmi da dakansa."

Ta nuna da haɓa. Can gindin katanga wani ƙaramin turmi ne a kwance, ya tsage gefe guda, tsagar cike da fari. Wata kaza na tsaye a kai tana caccaka.