Jirgin Baba Walter

Shekara huɗu Rumasa'u tana kula da Baba Walter a gidansa na Takoma Park, kuma a shekarun nan ta haddace tarihin wani jirgin ruwan yaƙi da babu abin da ya haɗa ta da shi. 'Yar Zangon Kumasi ce, ko kwalekwale ba ta taɓa shiga ba. Tsohon ne ya yi shekara talatin yana sassaƙa ɗan ƙaramin jirgin da katako da zare, ya girke shi a falo, kullum bayan karin kumallo sai ya biya mata labarinsa.

An ƙera ainihin jirgin lokacin da ƙasar su Baba Walter ke yaƙi da Ingila. Iska ce ke tura shi, igwa goma sha takwas yake ɗauka. Ya fatattaki 'yan fashin teku a Karibiyan, aka tura shi gaɓar Afirka ta Yamma ya tare jiragen bayi, zazzaɓi ya kashe sulusin mutanensa. Da ya tsufa aka ɗaure shi a tasha har ya ruɓe. Kakan kakan Baba Walter shi ne kafintansa.

"Mutanenku muka je ceto," in ji tsohon.

"Ai kun makara, Baba," ta kan ce, su yi dariya.

Wajen azumin bara ya fara tsallake zancen Karibiyan a labarin. Daga nan igwoyin suka koma bakwai, wata rana ɗari. Ran nan ta tsinci takalminsa a firji. Akwai takardar da kamfanin da ya turo ta aikin ya ce a riƙa rubuta irin wannan, amma hannun Rumasa'u ya ƙi. A inda ta tashi, in dattijo ya ruɗe ba a kai zancen waje, na kusa da shi ne ke rufa masa asiri. Kuma ta san da zarar an ji, gidan tsofaffi za a kai shi, wurin da yake tsoro fiye da mutuwa.

Duk Lahadi 'yarsa Debbie na kiran bidiyo daga Seattle, ta ce ya ba ta labarin jirgin. Da wannan take auna lafiyarsa. Sai Rumasa'u ta tsaya bayan wayar tana motsa baki, tana ɗaga yatsu, shi kuma yana bi. Debbie ta kashe waya hankalinta kwance.

Wata Asabar da hantsi sai ga Debbie a ƙofa, ba ko sanarwa. Ta rungume uban, ta zauna gabansa.

"Baba, ina aka fara tura jirgin?"

Tsohon bai dubi 'yarsa ba. Ya leƙa ta bayan kafaɗarta yana jira. Debbie ta waiwaya, ta ga Rumasa'u da baki a buɗe, yatsa ɗaya a sama.

Ranar Talata likita ya duba shi, ya ce abin ya yi nisa, da an kawo shi da wuri da akwai abin da za a gwada. A wurin ajiye motoci Debbie ta tambayi Rumasa'u, "Tun yaushe?"

"Fiye da shekara."

"Shekarar da ta rage mini da mahaifina kika cinye."

"Asirinsa na rufa," in ji Rumasa'u. Da ta faɗa da Turanci, ita kanta ta ji maganar ba ta da nauyin da ta san ta da shi. Amma da za a sake, ba ta san me za ta canza ba.

Kamfani ya sallame ta daga ƙarshen mako. Ranar Juma'a ita ta shirya masa akwati, ta sa masa kwat, ta riƙe shi har motar da za ta kai shi gidan tsofaffi. Ya ɗauka kanti za su. Ya leƙo ta taga ya ce ta ɗora masa ruwan shayi, yanzu zai dawo.

"To, Baba," ta ce.

Ta koma ciki ta ɗora.