Ba a Ga Komai Ba

Gwadabe ya tabbata akwai matsala tun da ya ga silifas ɗin maƙwabcinsa Sha'aibu ya sulɓe a ƙofar masallaci, shi kuwa ya ci gaba da tafiya bai ji ba.

"Malam Sha'aibu, sadaka ka yi da takalmin?"

"Ƙafar ce ta yi barci, ta ƙi tashi," in ji shi, yana dariya, ƙirjinsa na yin fito.

Ciwon asma ya daɗe yana damunsa, amma ɗige-ɗigen da suka feso masa a ƙwauri sababbi ne. Gwadabe ya matsa masa, ya raka shi asibiti a Kano daga Tiga. Likita ta ce wani lokaci sojojin jini kan juya su yaƙi jijiyoyin mai su, kuma su za a nema a jininsa.

Da suka koma, ta ce, "Ba mu gan su ba. Amma da yawa masu ciwon nan ba a gani a jininsu. Ku ci gaba da magani, ku dawo."

Kafin la'asar unguwa ta ɗauka: an je asibiti, ba a ga komai ba. A Tiga kowa ya san ma'anar wannan. Ciwon ba na asibiti ba ne.

Inna Turai, mahaifiyar Sha'aibu, ta tattara ƙwayoyin ta ajiye, ta aika Kwanar Dangora aka karɓo turaren iska.

"Inna, don Allah ban da hayaƙi," in ji Gwadabe, yana durƙushe. "Likitar ta ce amma."

"Amma me, ɗan nan? Su da bakinsu suka ce babu."

Ya dubi Sha'aibu. Shi kuwa ya sunkuyar da kai. "Bar ta, Gwadabe. Uwa ce."

Ranar Talata da hantsi Gwadabe na gyaran komarsa ta kamun kifi a zaure ya ga hayaƙi na tasowa ta kan katanga. Ya ji tari, ya ji tarin ya tsaya. Ya shiga ba sallama, ya yaye bargon da aka lulluɓe Sha'aibu da shi. A hannunsa ya cika kafin mota ta iso.

Bayan an dawo daga maƙabarta, kaskon turaren na nan a tsakar gida, Inna Turai na zaune kusa da shi, tokar ta huce. Har yau ba wanda ya san sunan ciwon da ya kama Sha'aibu.