Dokar Kara a Shagon Rufa'i

Ni dillalin shanu ne. Tun ban yi gemu ba nake kara, wato kasuwar shanu, kuma ba a taɓa dawo mini da sa an ce na ɓoye aibinsa ba.

'Yata Sharifa ta yi karatun kwamfuta. Da ta gama ta ce za ta buɗe aji a zauren gidana da ke unguwar Ridina, ta koya wa matan unguwa. Na ce to. Na gaya wa liman, na gaya wa mahauta, cewa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a buɗe, kowa ya turo iyalinsa. Magana ta riga ta fita daga bakina.

Ni na kai ta babbar kasuwa, Grand Marché, wurin Rufa'i, wani Bakano mai sayar da kwamfutoci. Ta so gwanjo. Na ce 'yata ba za ta fara sana'a da abin da wani ya yar ba. Na zaɓi sababbi masu sheƙi, muka yi musafaha, ya ce ya sallama.

A gida ta share abin da ke cikinsu, ta zuba wanda take kira Linux. Ta ce shi ba mallakin wani kamfani ba ne, kamar rijiyar unguwa yake, kowa ya ja ruwa, kowa ya yi yasa. Wannan ya yi mini. Amma da ta kunna, ko ɗaya ba ta kama wifi ba. Tsohuwar wayata tana kamawa daga akwatin da ke jikin bango, su kuwa kamar kurame.

Sai da ta maimaita kafin na gane. A cikin kowace akwai ɗan ƙarfe kamar farce, shi ke jin wifi. Wasu maƙeran suna ba mutanen Linux bayanin yadda nasu ke aiki, wasu suna hanawa. Maƙerin waɗannan ya hana. Ta ce darasinta a intanet yake, in babu wifi babu aji, don haka a ɗaga ranar.

Na ce ba a ɗagawa.

Muka loda su a tasi muka koma. Rufa'i ya ce kayansa lafiyarsu ƙalau, a Windows suna kamawa, Sharifa ce ta sauya musu ciki. Kuma ai ciniki ya faɗa.

Na ce, "Yaro, san da ba ya jan garma sai a gonar ubangidansa, ana faɗa wa mai saye tun kafin musafaha. A kara wannan aibi ne. Ba ka faɗa ba, ciniki bai faɗa ba."

Ya rantse shi ma bai sani ba. Na yarda da shi, fuskarsa ba ta maƙaryaci ba ce. Amma a kara ko mai sa bai san da aibin ba, sa komawa yake yi. Na shimfiɗa buzuna a bakin shagon, na zauna.

Maƙwabcinsa Zakariya, Balarabe mai sayar da caja, ya leƙo yana dariya. "Haj, in an kawo wasu, haƙoransu za ka duba?"

"Zan duba," na ce.

Duk mai saye da ya zo sai ya tambayi abin da ya zaunar da dattijo, Zakariya kuwa ya ba shi labari da gishirinsa. Rufa'i ya aiko mini da shayi. Na sha, ban tashi ba. Da la'asar ta gabato ya durƙusa kusa da ni, ya ce ya yarda a yi musanya, amma in waɗancan ma suka ƙi fa?

Na ce a kara ba a sayen sa a kwance, sai an tayar da shi ya yi tafiya. Na tambayi Sharifa ko za ta iya tayar da kwamfuta ba tare da ta taɓa cikinta ba. Ta zaro wani ɗan kile, wato filas na adana bayanai, daga jakarta, ta ce Linux ɗinta yana ciki, sokawa kawai za ta yi ta gwada ta zare.

Ta soka a kwamfuta ta farko, shiru. Ta biyu shiru. Ta jawo wata baƙa mai tabo a murfi, ta soka. Sai ga sunayen wifi na layin duka sun jeru, har da na Zakariya.

"Baba," ta ce, "wannan ta ji."

Haka ta bi su har muka cika adadinmu. Yawancinsu gwanjo ne. Ta dube ni ta gefen ido. Na ce sa mai tabo ai ya san aiki, ta ɗauko mu tafi.

Ranar Juma'a zaurena ya cika har ƙofa. Liman ya yi addu'a, Sharifa ta kunna, duka suka kama. Saudat matar Sarkin Fawa ta ga ɗanta da ke Jidda a fuskar baƙar kwamfutar nan, ta rufe baki da mayafi. Ni ina waje a kan buzuna, mahauta suna zuwa suna gaishe ni.

Daga baya Rufa'i ya aiko yana roƙon Sharifa ta yi masa kile irin nata. Yanzu kafin ya sallama, sai ya tayar da kwamfuta a gaban mai saye. Na ce ta yi masa.